Tukunyar da Ba Ta Taɓa Ganin Nama Ba

Yayata ta rasu ranar Laraba da hantsi, kwana tara bayan alhazai sun watse daga Mina, a shekarar nan da zafi ya yi wa baƙin Allah ɓarna. Shekarunta ban san adadinsu ba, don ba a rubuta mu ba da aka haife mu. Abin da na sani, lokacin da muka shigo Makka ba a ɗora bene a kan Safa da Marwa ba tukuna, kuma tana goye da ɗanta na fari. Shekarar da ruwa ya cika Harami har maza suka yi ɗawafi da iyo, 'ya'yanta shida. Sai ku lissafa da kanku, ku da kuka yi makaranta. Ni ban yi ba. Matar ɗana ce ke rubuta wannan, Bakanuwa ce mai boko, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana.

An yi mata salla a Harami bayan azahar. Mu mata muka zauna zaman makoki a gidanta na unguwar Zahir, kujeru jere har kan matakala, ana zagayawa da gahawa da dabino. Mutane kam sun zo. Matan da ta yi aikin girkin alhazai da su a unguwar Aziziyya shekara da shekaru sun zo, wasu da sanda, wasu an riƙo su. Masu tallar bakin hanya waɗanda ba su da iƙama, wato takardar zama, waɗanda ba sa yarda su yi nisa da unguwarsu, su ma sun yi ta maza sun zo. Kuma duk wadda ta buɗe baki, magana ɗaya take kawowa.

Wata ta ce, "Allah Ya jiƙan Hajiya. Shekara arba'in muna maƙwabtaka, ba ta taɓa zuba mini abinci ba sai ta ce, me ba kya ci? Na ce Hajiya, jiya fa kika tambaye ni. Ta ce jiya daban, yau daban."

Wata ta ce ai ita ba ta manta wani tsoho daga ƙasar Jawa da aka sauke a gidan da suke girki. Ba ya jin Larabci, balle Hausa. Yaya ta tsaya a gabansa da ludayi a hannu, ta yi masa kukan saniya, ta yi masa carar zakara, ta kaɗa hannu kamar kifi, sai da ta gano kifi ne ke sa masa ƙaiƙayi. Mata suka fashe da dariya a gidan mutuwa, sannan kowa ta rufe baki da mayafi tana istigfari.

Duk sun ɗauka wata ɗabi'a ce kawai irin ta tsofaffi. Ni kuwa na san inda tambayar ta samo asali.

A rana ta biyu 'ya'yanta mata suka shiga gyara ɗakin girki don a sami wurin manyan tukwanen sadakar uku. Ina zaune na hango buhun da suka tara tarkacen da za a bai wa mai kwasar tsohon ƙarfe, ga wata ƙaramar tukunyar jan ƙarfe a sama, duk ta lotse, murfinta ɗaure da zare. Na miƙa sandata na maƙalo ta. Na ce wadda ta sake taɓa tukunyar nan, ni da ita ne. Na ce gobe, in an taru, zan faɗi labarinta da na Bayahudiyar da aka saye ta dominta.

Ba a jima ba sai ga babban ɗan Yaya ya yi sallama a ƙofar ɗakin da nake. Gemunsa fari fat, jikokinsa sun fi goma, amma ni na yi masa wankan jego tare da uwarsa. Ya durƙusa ya ce, "Ya Hala," haka suke kirana da Larabcinsu, "don Allah ki bar maganar nan. Kina ganin abin da ake nunawa a talabijin, yaran Gaza. Zukatan mutane a ƙone suke. Yanzu ne za a ce uwarmu ta ciyar da Yahudawa? A bar ta da sunanta mai kyau."

Na ce, "Kai yaro, kai za ka koya mini sunan uwarka? Zauna. Kai zan fara faɗa wa. In na gama ka ce a ɓoye, sai in san irin ɗan da ta haifa."

Ga abin da na faɗa masa.

Mu mutanen Damagaram ne. Babanmu ya ɗauko mu da niyyar Hajji, amma bai bi gabas yadda mutane ke bi ba, sai ya bi ayarin arewa ta Agadas har Gadamas, don yana da raƙumi kuma ya san fataken hanyar. Yaƙin Turawa ya tare mu a wani gari a kan duwatsu, kudu da Tarabulus. Gaba ba hanya, baya ba guzuri. Muka zauna. Baba yana ɗaukar itace da ruwa a raƙuminsa yana kai wa masu so. A lokacin ni haƙoran gabana sun fara zuba, Yaya kuwa ta fara zama budurwa. Ita ta fi kowa a gidanmu iya Larabcin wurin, don bakinta ba ya hutawa.

A gefen garin akwai wani tsohon barikin sojan Taliyan da aka kewaye da waya mai ƙaya. Wata rana manyan motoci suka fara zuwa suna sauke mutane. Ba sojoji ba, ba ɓarayi ba: tsofaffi, mata masu ciki, jarirai, maza da kwat ɗinsu na birni, kowa rungume da ƙunshi. Aka ce Yahudawan Bangazi ne, an kwashe su daga gidajensu. Da suka zo, wallahi sun fi mu kyan gani, akwai masu takalmi mai sheƙi. Kafin sanyi ya shigo, in ka ga mutum a bakin wayar nan sai ka duba sosai ka gane namiji ne ko mace. An aske musu kai saboda ƙwarƙwata. Gurasar da ake ba mutum ta yini ba ta cika tafin hannuna na yarinta ba. Iyali da iyali bargo ne kawai ya raba su a cikin dogayen ɗakuna. Na ga dattijo yana tsintar ƙwayar sha'ir daga kashin dokin soja yana goge ta da gefen rigarsa. Kullum da safe ana fitowa da gawa zuwa gangaren dutse, ƙananan sun fi yawa.

Da farko sojoji ba su hana a yi musaya a bakin waya ba. Mutanen gari na kai albasa da ɓaure, su karɓo riga ko cokali. A can muka san wata mata mai ɗinki. Innarmu ta miƙa mata rigar Baba da ta yage, ta ɗinke ta tsaf kamar ba a taɓa ba. Mijinta ya mutu a watan farko, ɗanta namiji ya bi shi. Saura ita da 'yarta, yarinya ƙanƙanuwa, ƙasa da ni. Yarinyar ta daina tafiya. Uwar ke ɗauko ta zuwa bakin waya ta kwantar da ita a rana, ƙafafunta kamar sillen kara, cikinta a kumbure. Inna tana dawowa gida tana cewa 'yar nan ba za ta ga bazara ba.

To, sai raƙuminmu ya zame a kan dutse ya karye. Baba ya yanka shi yana hawaye, don shi ne ƙafarmu zuwa Makka. Mun yi wata da watanni ba mu ga nama ba. Inna ta zaɓi wurin da ya fi taushi, ta haɗa da kitsen tozo, ta dafa har ya narke. Kafin ta zuba mana, sai da ta cika kwanonta na aure, wanda ta taho da shi tun daga Damagaram, ta ce wa Yaya, "Kai wa mai ɗinki. Ki ce ta ba 'yar romo." Ni na bi ta ina haɗiyar yawu.

Matar ta karɓa ta ƙarƙashin waya. Ta buɗe, ƙamshin ya buge ta, na ga maƙogwaronta ya motsa. Sai ta ce, "Naman me ne?" Yaya ta ce da alfahari, "Raƙumi. Namu ne." Matar ta rufe kwanon, ta turo shi waje a hankali, ta ɗauki 'yarta ta juya.

Ku da aka haifa a nan ba za ku san nauyin wannan ba. A wurinmu, kwanon da aka kai wa maƙwabci ba ya dawowa wayam, ko gishiri ne sai an sa a ciki. Amma ya dawo da abincinsa ba a taɓa ba, wannan zagi ne da ya fi mari. Inna ta dubi kwanon ta dubi Yaya, ta ce, "Ƙyamarmu take yi. Tana mutuwa ma tana ƙyamar hannun baƙar mace. Na rantse da Allah kwanona ba zai sake zuwa bakin wayar nan ba."

Mu ba mu san kowa na da abin da ba ya ci ba, ban da alade da mushe. Mun ɗauka nama nama ne.

Yaya ba ta ci nata kason ba ranar. Washegari ta ja hannuna muka koma. Ta tsaya a bakin waya ta riƙe ƙugu, ta ce wa matar, "Ke, uwata ta hana kanta ta ba ki. Me muka yi miki?"

Matar ta gyara wa 'yarta kwanciya. Sannan ta ce, "'Yata, in yunwa ta kama ki aka kawo miki alade, ya za ki yi?"

Yaya ta ce, "A'uzubillahi."

Ta ce, "To haka raƙumi yake a wurinmu. Shi da tukunyar da aka dafa shi. Malaminmu da ke cikin nan ya ce wanda ya kai bakin mutuwa ya ci, babu laifi. Da 'yar nan za ta iya haɗiyar nama da na ba ta, amma ko gurasa dawowa take yi. Ni kuma ban kai ba tukuna. Sun karɓe gidana, sun karɓe keken ɗinkina, sun karɓe gashin kaina. Wannan kaɗai ya rage da ba su karɓa ba."

Na ga hannun Yaya ya sauka daga ƙugu. Ta ce, "To me ba kya ci? Faɗa mini duka, kada in sake kuskure."

Ranar ce ta fara yin tambayar nan, ba ta kuma daina ba har ta koma ga Allah.

Matar ta lissafa mata. Yaya ta gane abu biyu: kunu marar kauri shi ne cikin yarinyar zai riƙe, kuma in ana so uwar ma ta sha, sai an dama shi a tukunyar da ba ta taɓa ganin nama ba. In uwar ta faɗi, 'yar ta tafi, don babu mai ɗauko ta zuwa rana. A gidanmu kuwa tukunya ɗaya ce, ita ce ta dafa raƙumi.

Yaya tana da awarwaron azurfa da kakarmu ta sa mata ranar da za mu bar gida. Ta zare shi ta kai wa maƙerin garin, ta dawo da sabuwar tukunyar nan da mudun sha'ir. Inna ta ga hannunta babu awarwaro, ta ɗora hannu a ka. Ta ce, "Ba ki ji rantsuwata ba?" Yaya ta durƙusa, ta sunkuyar da kai yadda ya kamata, ta ce, "Na ji, Inna. Ba zan taɓa kwanonki ba. Amma ba ƙyama ba ce. Addininta ne." Ta kwashe duka ta faɗa mata. Inna ta ce ƙarya ce, wane irin addini ne zai hana raƙumi. Baba, wanda ba ya shiga maganar mata, ya ce daga inda yake zaune, "Mai riƙe haram ɗinta a cikin yunwa irin wannan, ba abin zagi ba ce." Inna ta juya masa baya.

Kwana uku Yaya tana niƙa sha'ir ita kaɗai, tana damawa da dabino biyu, Inna ba ta ko kallon wajen. A rana ta huɗu Inna ta zo ta tsaya a kanta, ta ce, "Wannan niƙa ne ko wasa? Tsakin nan zai kashe 'yar mutane. Matsa." Ta karɓi dutsen. Daga baya ta yi azumi uku na kaffara, tana cewa ai dama kullum rabin azumi muke yi, cikawa kawai ta yi. Kwanon nata kuma ya koma bakin waya, cike da ɓaure.

Yaya ta gaya wa matar al'adarmu ta kwano, cikin hira kawai. Tun daga ranar tukunyar ba ta taɓa dawowa wayam ba. Me mai ɗinki take da shi? Yau maɓalli. Gobe zaren da ta zare daga bakin zaninta. Wata rana ɗan farin dutse mai santsi da yarinyar ta tsinta a inda take kwance. Yaya ta ce ta bari, ba sai ta sa ba. Ta ce, "A'a. In na sa, maƙwabciya ce ni. In ban sa ba, mabaraciya ce."

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sha'irin ya ƙare, aka koma ɗiba daga namu. Yunwa ta kama mu mu ma. Wata rana Yaya ta ba ni riƙon tukunyar tana gyara mayafi, na ɗaga murfi na kurɓa sau biyu. Ta gani. Da muka zauna cin namu, ta turo mini rabin gurasarta, washegari ma haka, har na ji kunya na ce na ƙoshi.

Sannan sojoji suka hana zuwa bakin waya. Baba a lokacin ya koma kai itace ɗakin girkin barikin da jakin aro. Yaya ta riƙa cusa tukunyar a tsakiyar itacen, tana bin sa kamar mai taya sauke kaya. Rannan wani soja ya ga tururi na fita daga cikin itace. Ya ɗaga kulki ya sauke mata a hannu. Ta ƙanƙame tukunyar a ƙirji ta durƙusa a kanta, ya ƙara, ya ƙara, har ya gaji ya tofa yawu ya wuce. Kunun bai zube ba. Ɗan yatsanta na ƙarshe ne ya karye, ya warke a karkace. Bayan kwana biyu ta koma da ɗaya hannun.

A nan na dubi ɗan Yaya. Na ce, "Yatsan nan da kuke tsokanarta da shi kuna yara, kuna cewa ƙugiya, me ta ce muku ya same shi?" Ya ce, "Ta ce ƙofa ce ta datse ta." Na ce, "To ga ƙofar."

Sanyi bai gama fita ba sojan Taliyan suka gudu, Turawan Ingila suka iso. Ba a saki mutanen nan da nan ba, don zazzaɓin ƙwarƙwata ya kama su, mutuwa ma ta ƙaru kafin ta ragu. Mun ci gaba da kai kunu. Ranar da motoci suka zo kwashe su, muna tsaye a bakin hanya da Inna. Sai ga mai ɗinki, kanta ɗaure da tsumma. Ba ta ɗauke da kowa. Yarinyar ce a gefenta, a kan ƙafafunta, tana tafe tana tangaɗi, rungume da tukunyar da hannu biyu. Ita da kanta ta tako ta miƙa wa Yaya. Inna ta fashe da guɗa, a ƙasar mutane, a gaban Turawa, irin guɗar da ake yi wa amarya. Da motar ta tashi muka buɗe murfi. Allurarta ce a ciki, soke a jikin ƙyalle. Ita kenan mata, da ita take ci.

Ba mu sake jin labarinsu ba. Mun ƙara shekaru a hanya, ta Masar da Sudan, kafin mu ga Ka'aba. A Sawakin muka binne Baba. An sayar da komai a tafiyar nan, har kwanon Inna, amma tukunyar ba ta bar ƙunshin Yaya ba. A cikinta ta dama wa kowane ɗanta kunun yaye. Ba ta taɓa bari nama ya shige ta ba, ko romo. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Ko mai ita za ta zo."

Na ce wa ɗan nata, "Kana maganar talabijin. Kai kana wurin aiki, ni nake zaune da ita watannin nan. Duk sanda aka nuno yaran can riƙe da kwano babu komai, sai ta kama hannuna tana kuka, tana cewa, ƙafafun nan na san su, cikin nan na san shi, wa ke kai musu kunu? Awarwaronta na zinariya ina kake tsammani suka tafi? Uwarka ba ta taɓa tambayar mai yunwa ko ɗan wane ne ba. Abu ɗaya take tambaya."

Ya jawo tukunyar gabansa. Ya kwance zaren murfin, ya buɗe. Ƙyallen na nan, allurar ta yi tsatsa, ga maɓalli, ga ɗan farin dutsen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya fita da ita a hannu.

Ranar sadakar uku, an dafa shinkafa da nama yadda ake yi a nan. Ina zaune cikin mata sai matarsa ta shigo da tukunyar a kan faranti, an wanke ta tana ƙyalli, kunun sha'ir na tururi a ciki. Shi kuma ya tsaya a bayan labule, ya ɗaga murya yadda na ɓangaren maza ma za su ji, ya ce, "Ya Hala, ki faɗa musu. Daga farko. Kada ki bar maganar yatsan."

Na faɗa. Akwai wadda ta taɓe baki, na gan ta, na kuma san gidansu. Sauran sun sha kunun cokali-cokali har aka kankare gindin tukunyar.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya shayar da ita daga tafkin Annabi kamar yadda ta shayar. Ya jiƙan Inna da Baba. Mutanen wancan dutse duk sun tafi, maƙerin, mai jakin, har sojan da kulkinsa. Mai ɗinki ma dole ta tafi, don ta girmi Yaya nesa. Saura ni. Sai kuma yarinyar, wadda ban san inda motar ta kai ta ba. Ƙasa da ni take da shekara biyu ko uku, ni kuwa ga ni ina cin tuwona, don haka ba na cire ta daga lissafi. Tukunyar tana ɗakina yanzu. Na hana a sa mata nama.